Kifin da Ba Ya Shiga Tukunya

Yau filin namu zai yi nisan zango. Za mu bar kasuwannin da muka saba, mu leƙa arewa maso yammacin Amurka da yammacin Kanada, inda ake wata sana'a da duk ɗan kasuwar da ya ji labarinta karon farko sai ya ce a maimaita masa.

Mutum ne zai biya kuɗin jirgin sama, ya kama masauki, ya yanki lasisi, sannan ya ƙirga dala 500 ko 600, wani wurin ma fiye, ya damƙa wa wani don ya raka shi kogi na yini ɗaya. Mutanen Maraɗi da Damagaram, dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba, kuɗin suna tasam ma jika 300 ko su haura. Zai yini tsaye cikin ruwan sanyi har ƙugu yana wurga ƙugiya. In ya taki sa'a kifi ya kama, a sha fama da shi na 'yan mintuna, a jawo shi bakin gaɓa, a ɗauki hoto, a zare ƙugiyar a hankali, a sake shi ya yi tafiyarsa. Da yamma mutumin ya koma masauki hannu rabbana, ya ƙara wa mai rakiyar tukwici, kuma kafin ya bar garin ya ajiye kafin alƙalamin baɗi.

Na san abin da Alhaji zai ce: kuɗi ne suka yi musu yawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don talaka ba ya wannan wasa. Sai dai shi wanda ya karɓi kuɗin ba attajiri ba ne. Galibi mutumin ƙaramin gari ne mai iyali, da bashin mota da na kwale-kwale a wuyansa, kakarsa ta 'yan watanni ce, abin da ya samu a cikinta da shi zai ci shekara. Shi ne ya ja hankalina, don in ka dube shi da kyau ɗan'uwanmu ne a neman abinci.

Bari mu fara da kifin. Sunansa tirawut, kuma ba za ka same shi a kogin Kwara ko Binuwai ko tafkin Chadi ba, saboda ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi, garau, mai gudu a kan tsakuwa. Da zarar zafin ruwa ya haura digiri 20 ya fara galabaita, alhali tarwaɗarmu a nan ne ma take jin daɗinta. Iri-iri ne, amma wanda ya shafe mu shi ne mai jan zane a gefe kamar bakan gizo. Wannan kifi yana da wani hali mai ban mamaki. Ƙwai na uwa ɗaya, a gurbi ɗaya, wani zai girma ya ƙare rayuwarsa a kogin da aka haife shi, ɗan madaidaici, bai cika wuce kilo ɗaya ko biyu ba. Wani kuwa in ya shekara ɗaya zuwa uku sai jikinsa ya sauya ya yi fari kamar azurfa, ya bi ruwa ya gangara har Tekun Fasifik, ya yi shekara ɗaya, biyu ko uku yana yawon ci-rani, sannan ya juyo ya nemi ainihin rafin da ya fito don ya hayayyafa. Wannan da ya je ya dawo shi ake kira sitilhed, ma'ana mai kan ƙarfe. Yakan dawo da kilo uku zuwa biyar, wanda ya kai kilo tara kuwa shi ne ake kwana ana labarinsa. Waɗanda ke komawa can cikin duwatsun jihar Idaho sukan yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000 suna hawan ruwa. Wato dai a gidan kifi ma akwai mai zaman gida akwai falke, kuma falken ne ke dawowa da ƙiba.

Matsalar ita ce in ya shigo kogi daga teku ba ya cika cin abinci. Ba yunwa ce ke sa ya kai wa ƙugiya cafka ba, masana ma ba su gama yarda a kan dalilin ba. Shi ya sa masu nemansa ke yi masa kirari da kifin wurgi dubu. Ƙwararre kan yi kwana biyu, uku, bai ji ko motsi a igiyarsa ba.

Sai kuma yadda ake kamun. Fatsa ce, amma ba irin tamu ta tana ko guntun hanjin kaza ba. A bakin ƙugiyar ƙwaron bogi ake sakawa, wanda aka ɗaure da zare da gashin tsuntsu da na dabba, a ƙera shi ya yi kama da irin ƙwarin da ke ƙyanƙyashewa a cikin ruwa. Abin ba shi da nauyi ko kaɗan, in ka jefa shi da hannu ba zai wuce gabanka ba. Don haka igiyar ce aka yi mai kauri da nauyi, ita ake kaɗawa gaba da baya a iska kamar bulala har ta miƙe ta ɗauki ƙwaron ta ajiye shi a kan ruwa ba tare da ƙara ba. Sandar takan kai ƙafa tara. Ta sitilhed ta fi haka, ƙafa 12 zuwa 15, hannu biyu ake riƙe ta, kuma salon wurginta ya samo suna daga kogin Spey na ƙasar Sikotlan. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai: wani marubucin Rum mai suna Aelian, wajen shekara ta 200 miladiyya, ya ba da labarin mutanen Masedoniya da ke naɗa jan ulu da gashin zakara biyu a ƙugiya su yaudari kifi. A Amurka kuwa abin ya ƙara bunƙasa ne bayan fim ɗin A River Runs Through It na 1992, wanda labarinsa ya gudana a jihar Montana. Mutanen birni da ba su taɓa riƙe sandar fatsa ba suka yi ta tururuwa, kuma kowannensu yana buƙatar wanda zai nuna masa hanya.

To ga inda ɗan jagora ya shigo. A zamanin fatauci, ayarin da ke zuwa Gwanja ɗauko goro yana da madugu, yana kuma da jagaba. Jagaba ba shi da ko ƙwarya ɗaya ta goro da yake sayarwa, amma shi ya san mashigin kogi, ya san rijiyar da ba ta ƙafewa, ya san zangon da ba a kwana. Haka mai masauki a zango har gobe: baƙo ya sauka da shanu ko albasa, bai san kowa ba, maigida ne ya san mai saye na gaskiya da mai cin bashi. Hajar waɗannan mutane sani ce, kuma sanin da aka tara da ƙafa, shekara da shekaru. Ɗan jagoran kogi irinsu ne sak.

Ɗauki kogin Deschutes a jihar Oregon, wanda ke ratsa wani busasshen kwari mai duwatsu ya faɗa babban kogin Kolumbiya. A bakinsa akwai ɗan ƙaramin gari, Maupin, mutanensa 'yan ɗaruruwa ne, kuma kaso mai yawa na cinikin garin daga baƙin kogi yake fitowa. Ɗan jagora a nan yakan tashi tun duhun asuba, don sitilhed ya fi kai cafka kafin rana ta haska ruwa. Tun daren jiya ya duba yawan ruwan da ke gudu da ma'aunin sanyinsa, ya dafa abincin rana, ya ɗaura kwale-kwale a bayan mota. Kwale-kwalen ma na musamman ne, gindinsa shimfiɗaɗɗe, gaba da baya a lanƙwashe sama, a kogunan Oregon aka ƙirƙiro shi don ya iya juyawa tsakanin duwatsu. Dokar Deschutes ta hana yin fatsa daga cikin jirgi. Jirgin na kai ka ne kawai, in an isa sai ka sauka ka shiga ruwa da dogon wandon roba mai kaiwa ƙirji. Daga nan aikin ɗaya ne: ka wurga, ka bar ruwa ya ja ƙwaron ya kewayo ƙasa da kai, ka yi taku biyu, ka sake wurgawa. Haka har a ƙure gurbin.

Baƙo yana kallon kogin yana ganin ruwa ne kawai, ko'ina iri ɗaya. Ɗan jagora yana ganin wani dutse a ƙarƙashi da ke karya ƙarfin ruwa, inda kifin da ya gaji da hawa ke tsayawa ya huta. Ya san gurbin da ke bayarwa in ruwa ya ƙaru da wanda ke mutuwa, ya san wanda rana ke bugawa da hantsi. A lokacin tirawut na gida, wajen watan Mayu zuwa Yuni, akwai wani babban ƙwaro mai tsawon yatsa da ke fitowa daga ruwa a Deschutes kamar yadda gina ke fitowa bayan ruwan farko, kifi su haukace da ci. Fitowar tana farawa ne daga ƙasan kogi tana hawa sama kwana bayan kwana, kuma sanin inda ta kai a yau shi ne bambancin yini mai albarka da yinin banza. Wannan ba a karanta shi a littafi. Da ɗan gari akan ci gari.

Amma sanin ruwa rabin aikin ne. Ɗaya rabin sanin mutane ne, kuma a nan ne duk mai shago zai gane shi. Baƙon da ya biya kuɗi masu yawa yakan zo da dogon buri. Wani bai iya wurgi ba amma ba ya son a gyara masa. Wani ya ɗaure igiyarsa a bishiya sau goma kafin azahar, kai ne mai kwancewa, kana murmushi. Wani tsoho ne ƙafarsa ba ta da ƙarfi, duwatsun kuma suna da santsi, ransa yana hannunka. Shi ya sa jihohi irin Oregon ba sa barin mutum ya yi wannan sana'a sai ya yi rajista, ya yi inshora, ya kuma koyi taimakon gaggawa. Sannan ga babban abin: ba ka isa ka yi alkawarin kifi ba. Mai gaskiya a cikinsu tun a waya yake gaya wa baƙo cewa bana kifin ya yi ƙaranci, ana iya yini ba a taɓa ko ɗaya ba, in ka ga za ka zo bismilla. Wanda ya yi ta zuba daɗin baki ya cika littafinsa a shekarar farko, a ta uku sai ya rasa mai kiransa. Sana'ar ta dogara ne a kan wanda ya zo bara ya dawo bana, ya kuma jawo abokinsa. A ganina wannan ne wurin da suka fi birge ni, mutum ya sayar da yinin da babu tabbas a cikinsa, mai saye ya koma ba komai a hannu, kuma ya ji bai yi asara ba saboda ya koyi abu, an kula da shi, ba a yi masa ƙarya ba.

Kuɗin ma in aka fasa su ba su kai yadda suke a kunne ba. In ta hannun shagon kayan fatsa aka samo baƙon, shago yana cire la'adarsa. A fitar da mai, da abincin baƙi, da kuɗin wanda zai kai motarka can ƙasan kogi inda za ku fita, da ƙwarin da baƙo ya batar a bishiya, da inshora, da haraji. Shi ya sa tukwici, wanda bisa al'ada yakan kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, ba ƙyauta ce ta ganin dama ba a wurinsu, yana cikin lissafin cefane. Da yawansu kuma 'yan ci-rani ne kamar mu. In kaka ta ƙare a wannan kogi sai su koma wani: damina a Alaska ko Montana, hunturu a gaɓar jihar Washinton, a garin Forks da kogunan Hoh da Sol Duc, inda ruwan saman shekara ke kai wa wajen mita uku, kusan ninki biyar na abin da Yamai ke samu. Wasu har Ajantina da Chile suke tsallakawa, don lokacin da ake sanyi a arewa can ana bazara.

Yanzu tambayar da Hajiya ke ta son yi tun ɗazu: don me za a saki kifin? Amsa ta farko doka ce. Sitilhed kala biyu ne a kogunan nan. Akwai wanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwon kifi na gwamnati aka sako shi, akwai na daji da ya fito daga tsakuwar rafi. Kafin a saki na gidan kiwo ana yanke masa wani ɗan ƙaramin fiffike na tsoka da ke bayansa kusa da wutsiya, kamar yadda makiyayi ke tsaga kunnen tunkiya. In ka kama ka ga babu fiffiken, a inda doka ta yarda kana iya kai shi tukunya. In fiffiken na nan, na daji ne, sai ka mai da shi. A lardin Biritish Kolumbiya na Kanada duk sitilhed na daji sakinsa wajibi ne, kuma ƙugiya marar ƙaya ake amfani da ita a koguna don kada ta yaga masa baki. A Amurka tun 1997 aka fara sanya sitilhed na wasu koguna cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Amsa ta biyu lissafi ce. Kifin da aka soya ya ƙare a daren nan. Wanda aka saka zai je ya zuba ƙwai, kuma sitilhed, saɓanin 'yan'uwansa kifin salmon na Fasifik da ke mutuwa bayan haihuwa ɗaya, yana iya komawa teku ya sake dawowa. Ga ɗan jagora wannan kifi uwar kuɗi ce, kuma ba a cin uwar kuɗi.

Kada dai a ɗauka kowa ya yarda da wannan. Ƙabilun asali na yankin, waɗanda suke kama kifin nan don ci tun kafin zuwan Turawa, da yawansu suna kallon kama-ka-saki a matsayin wasa da abinci, kuma ni ban ga laifin mai wannan ra'ayi ba. Haƙƙinsu na su a rubuce yake cikin yarjejeniyoyin da suka ƙulla da gwamnati, har a 1974 wani alƙali mai suna George Boldt ya yanke hukuncin cewa rabin kifin da za a iya kamawa a yammacin jihar Washinton nasu ne. A Turai ma ba a haɗu a kan magana ɗaya ba: Suwizalan ta hana mutum ya fita fatsa da niyyar saki tun farko, bisa hujjar cewa wahalar da dabba ne ba dalili. Kuma gaskiya ne ba duk kifin da aka saka ke rayuwa ba, musamman in ruwa ya yi ɗumi ko an daɗe da shi a sama ana hoto. Ni dai na fi karkata ga cewa inda kifi ya yi ƙaranci har haka, saki ya fi ci. Amma wanda ya ce in dai ana tausayinsa a bar shi gaba ɗaya, shi ma yana da magana.

Akwai ɓangaren da ya shafi nahiyarmu, wanda mutane ƙalilan suka sani. Ƙwaron nan na bogi har yau da hannu ake ɗaure shi, ɗaya bayan ɗaya, inji bai iya ba. Ana sayar da guda dala biyu zuwa uku a shagunan Amurka, kuma kaso mai tsoka daga Kenya yake fitowa, tare da Tailan da Siri Lanka. Turawan mulkin mallaka ne suka kai tirawut Kenya a farkon ƙarni na 20, suka zuba shi a rafukan duwatsun Aberdare masu sanyi, daga nan sana'ar ɗaurin ta kafu. Kamfanin Fulling Mill na Ingila yana da masana'antarsa a Kericho, garin ganyen shayi, ga kuma ƙananan masu ɗauri da yawa da ke karɓar oda ta intanet, dozin-dozin. Cikin kayan haɗin akwai waɗanda muka sani sarai: gashin zabo mai ɗigo-ɗigo, wanda muke figewa mu zubar, da na jimina, da na ɗawisu. Gashin wuyan zakara kuwa akwai gonaki a Amurka da ke kiwon zakaru na musamman dominsa kaɗai. A wajen 2011 yayin saka dogon gashin zakara a kitso ya ɓarke tsakanin matan Amurka, masu gyaran gashi suka dira shagunan fatsa suka kwashe kayan, farashi ya yi tashin gwauron zabo, masunta suka koma suna cizon yatsa.

Kafin wani ya fara tara gashin zabo a buhu, a yi hattara. Shigar da gashin tsuntsu Amurka ko Turai yana da tsauraran dokoki saboda murar tsuntsaye, kuma na tsuntsayen daji da yawa yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai hana cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Kwastan ɗinsu ba sa wasa da wannan. Son gashin da ba a samu ya taɓa kai wani gaban alƙali: a 2009 wani matashi Ba'amurke mai koyon busa sarewa a Landan, Edwin Rist, ya fasa gidan adana kayan tarihin halittu da ke Tring a Ingila, ya kwashe busassun tsuntsaye 299, ya riƙa sayar da gashinsu ga masu ɗaurin ƙwaro na ado.

'Yan'uwanmu na Garwa kuma wataƙila sun taɓa cin karo da irin waɗannan baƙi a filin jirgi, da dogayen bututu a kafaɗa. Sandunan fatsa ne a ciki. A 'yan shekarun nan ana kai masu wannan wasa kogin Faro, wanda ke zubawa a Binuwai, a lokacin rani, su nemi giwan ruwa da tsage da ƙwaron bogi, su kama su saka. Tsarin ɗaya ne da na Oregon, sai dai a can dorina da kada ake kaffa-kaffa da su maimakon sanyi.

Mu koma inda muka fito, don akwai abin da ya rage, kuma shi ne ke hana 'yan jagora barci. Kai da ke kasuwar Kumasi ko Kwatano, in shinkafa ta yi wuya ka koma sukari. Shi jarinsa yana yawo ne a teku da kogi, ba shi da iko da shi, kuma yana raguwa. Madatsun ruwa sun tare hanya: Bonneville da aka kammala a ƙarshen shekarun 1930 tana da matakalar da kifi ke bi ya haura, amma Grand Coulee ba ta da ita, ta rufe duk abin da ke samanta ɗungurungum. Kifin da zai koma Idaho sai ya tsallake madatsu takwas a dawowa, bayan ya tsallake su yana ƙarami a gangarowa. Ga sare dazuzzuka da ya cika rafuka da laka, ga ɗumamar teku, ga zafin bazara da ke ƙaruwa. A Montana in ruwa ya kai wajen digiri 23 kwana uku a jere hukuma kan hana fatsa daga ƙarfe biyu na rana zuwa tsakar dare, wato yinin da ɗan jagora zai sayar ya koma rabi.

Shekarar 2021 ce ta nuna musu iyakarsu. Sitilhed ɗin da suka haura Bonneville a bazarar ba a taɓa ganin ƙarancinsu haka ba tun da aka fara ƙidaya, sai Oregon ta rufe kamunsa a Deschutes ana tsakiyar kaka. A Kanada ma, kogin Skeena da rassansa irin su Bulkley da Kispiox da Babine, waɗanda masu fatsa daga Turai da Japan ke biyan dubban daloli a mako don su taka, an rufe su a watan Oktoba. Ka tuna an riga an karɓi kafin alƙalami, an ɗauki ma'aikata, an sayi kayan abinci. A wannan lardi ma kwanakin da kowane ɗan jagora zai iya kai baƙi wasu koguna a ƙidaye suke, gwamnati ce ke rabawa, kamar rumfa a kasuwa, kuma suna da tsada. Rumfar tana nan, kayan ne babu. Masu otal da gidan abinci da gidan mai a garuruwa irin Smithers da Maupin duk sun ji a jikinsu. Abin da ya ba ni mamaki, cikin masu kiran a rufe har da wasu 'yan jagoran kansu, duk da sun san aljihunsu ne zai fara kuka.

Ba duka labarin ne baƙi ba. An rushe madatsu biyu a kogin Elwha na jihar Washinton tsakanin 2011 da 2014, kuma sitilhed sun koma saman kogin da suka yi kusan shekara ɗari ba su gani ba. A 2024 aka gama cire huɗu a kogin Klamath da ke tsakanin Oregon da Kalifoniya. Kuɗin gyaran koguna wani ɓangarensu daga masu fatsar yake fitowa, ta lasisi da kuma harajin da wata dokar 1950 ta ɗora a kan kayan fatsa. Muhawarar madatsu huɗu na ƙasan kogin Snake kuwa tana nan da zafinta, don manoman alkama suna buƙatarsu wajen jigilar kaya a ruwa, ga kuma wutar lantarki.

A madatsar Bonneville akwai wani ɗaki a ƙarƙashin ruwa mai tagar gilashi da ke kallon matakalar kifi. Ma'aikaci yana zaune a gabanta yana ƙirga duk kifin da ya gifta, yana bambanta mai fiffike da wanda aka yanke wa, kuma kullum ana sanya adadin a intanet kowa ya gani. Hukumar Oregon tana duba adadin na daji da suka wuce a watannin bazara kafin ta ce a buɗe Deschutes ko a rufe. Don haka daga watan Yuli, ɗan jagora a Maupin in ya tashi da asuba, kafin ya ɗora ruwan shayi, wayarsa yake fara ɗauka ya duba nawa suka wuce jiya, kamar yadda kai ma kake fara duba canjin sefa da naira, sannan ya san abin da zai gaya wa baƙin da suka ajiye kuɗinsu na watan Satumba.